Daga Bakin Allura Zuwa Zuciya: Tarihin Yaƙi da Gubar Jini

Duk wanda ya taso daga Doguwa ko Tudun Wada da mara lafiya kwance a bayan mota, a Kwanar Dangora yake yanke shawara. Ko ya miƙi hanyar Kano zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Malam, ko ya juya Zariya ya nufi asibitin Shika. Haka ma mutanen Kiru da Bebeji. Da yawan waɗannan majinyata sun riga sun kwana biyu ko uku a ƙaramin asibiti, da robar ƙarin ruwa maƙale a bayan hannu. 'Yar robar nan ta ceci rayukan da ba sa ƙirguwa, amma ita ce kuma ƙofar da ƙwayar cuta ke bi daga fata ta faɗa jini, wani lokaci ta zarce zuciya. Sanin haka bai zo wa likitoci da sauƙi ba.

A 1847, a babban asibitin Biyana da ke Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa zazzaɓin jego ya fi kashe matan da likitoci suka karɓi haihuwarsu fiye da waɗanda ungozomomi suka karɓa. Likitocin kan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce ɗakin haihuwa kai tsaye. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko kusan 2 cikin 100 a watan Yuni. Manyan likitocin zamanin suka ji haushin a ce hannunsu ne ke kisa, suka juya masa baya, ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali.

Sai a 1880 Alexander Ogston, likitan tiyata a Aberdeen, ya leƙa mugunyar maruru da madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyi cure kamar nonon inabi. Ita ce istafilokokus, wadda har yau take cikin waɗanda suka fi yawan haddasa mummunar gubar jini a gadon asibiti. Abin mamaki, kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci lafiya lau. Sai ta sami kafa, ta rauni ko bakin allura ko robar wankin ƙoda, take zama abokiyar gaba. Idan ta bi jini ta iske ƙofofin zuciya, musamman waɗanda suka riga suka sami tabo, sai ta manne, ta tara wa kanta sheƙa da daskararren jini, ta riƙa cin ƙofar. Gutsattsarin sheƙar na iya ɓallewa su toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. William Osler ya bayyana wannan ciwo a Landan a 1885, amma ba shi da maganin da zai bayar. Kusan duk wanda ya kama, sai dai addu'a.

Penisilin ne ya sauya labarin. Alexander Fleming ya gano shi a 1928, Howard Florey da Ernst Chain suka mayar da shi magani a Oxford. A Fabrairun 1941 aka gwada shi a kan wani ɗan sanda, Albert Alexander, wanda cutar ta ci masa fuska. Ya fara farfaɗowa. Maganin ya yi ƙaranci har ana tace shi daga fitsarinsa a sake yi masa, daga bisani ya ƙare, mutumin ya rasu a watan Maris. Duk lokacin da na ga dangi sun sayi allurar kwana uku sun kasa sayen ta huɗu, wannan ɗan sandan nake tunawa.

Murnar ba ta daɗe ba. Kafin 1950 ƙwayar ta bijire wa penisilin a asibitocin Ingila. Aka fito da metisilin a 1959, a 1961 aka ba da rahoton irin da ya gagare shi, wanda ake kira MRSA.

A ƙasar Kano, magungunan sun riga ɗakunan gwaji isa ƙauye, kuma nan gizo yake saƙa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wato Asibitin Malam, sai a 1988 aka kafa shi, alhali kafso ya daɗe da zama kayan tebur a kasuwannin mako. Mai zazzaɓi yakan fara da kemis: maganin maleriya, in bai ji sauƙi ba a ce taifot ne, a ba shi kafso na kwana biyu. Gwajin da ke tona asirin gubar jini shi ne a ɗebi jini a zuba a kwalba ta musamman, a reni ƙwayar kwana ɗaya zuwa biyar, a ga wane magani ke kashe ta. Amma tilas a ɗebi jinin kafin a fara magani. Wanda ya iso da kafso a cikinsa, kwalbarsa kan fito wayam, likita ya koma lalube a duhu. Ga kuma wata tsohuwar matsala tamu: yaron da ciwon maƙogwaro ya sha kamawa ba a yi masa magani daidai ba, yana iya girma da tabo a ƙofar zuciya. Turai ta kusa rabuwa da wannan ciwo, mu kuwa yana nan a cikin matasanmu, har da masu juna biyu.

Ƙiyasin duniya na shekarar 2017 ya nuna mutum miliyan 11 suka rasu sanadin gubar jini, Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi muni. A shekarar ce Najeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta. A 2024 kuma aka matsa wa dilolin magani na Sabon Garin Kano su koma sabuwar kasuwar Dangwauro, a kan titin Zariya ɗin nan, domin a san abin da ke shiga da fita.

A ganina, nasara mafi amfani gare mu ita ce wadda aka bayyana a 2006 daga jihar Michigan ta Amurka. Ɗakunan kulawa ta musamman 103 suka bi ƙa'idoji biyar wajen sa roba a babbar jijiya, ciki har da wanke hannu, goge fata da maganin kashe ƙwayoyi, da cire robar da zarar ba a buƙatarta. Aka ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake ɗaya. Cutar ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, ba tare da sabon magani ba. Mai jinya ma yana da hakkin ya ce, "Sista, robar nan yau kwana nawa? Wurin ya yi ja." Cire ta minti ɗaya ne. Idan kuwa ƙwayar ta shiga jini, mafi ƙarancin magani mako biyu ne, in ta kai zuciya mako huɗu zuwa shida na allurar jijiya, manomi yana kwance a Kano, masararsa tana Doguwa tana jiran girbi.