Royal Crescent

Royal Crescent jerin gidaje 30 ne na dutse, manne da juna, a birnin Bath da ke kudu maso yammacin Ingila. An gina su tsakanin 1767 da 1774 bisa zanen John Wood ƙarami. Jerin ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, tsawonsa kusan mita 150, yana fuskantar wani faffaɗan fili mai ciyawa.

An yi ginin da dutsen Bath, farar ƙasa mai launin zuma da ake haƙowa a tsaunukan yankin. Ginshiƙai 114 irin na tsohuwar Girka sun ƙawata fuskar gidajen, har mai kallo ya ɗauka fada guda ce. Fuskar kaɗai Wood ya tsara. Kowane mai saye ya ɗauko maginansa suka gina masa sauran yadda yake so, shi ya sa bayan gidajen ya sha bamban, rufi da tagogi kowa da nasa.

A watan Afrilun 1942 jiragen yaƙin Jamus sun yi wa Bath ruwan bama-bamai, gida na 2 da na 17 suka ƙone, daga baya aka gyara su. Jerin yana mataki na ɗaya cikin gine-ginen tarihi da dokar Ingila ta kare, don haka ba a sauya fasalinsa sai da izinin hukuma. A 1987 UNESCO ta sanya Bath cikin wuraren tarihi na duniya. Gida na 1 yanzu gidan tarihi ne a hannun ƙungiyar Bath Preservation Trust.