Uku da Nema a Minti 35: Abin da Super Falcons Ta Tara Kafin Wasan Brazil na 1999

A wannan makon ƙwallon ƙafa ta mata za mu leƙa. Wasa ɗaya tak nake so mu tsaya a kansa, sannan mu bi sawunsa baya mu ga inda ya samo tushe.

Ranar 1 ga Yuli, 1999, a filin wasa na Landover da ke kusa da birnin Washinton na Amurka, Super Falcons ta Najeriya ta kara da Brazil a wasan daf da na kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta mata. Cikin minti 35 na farko Brazil ta zura ƙwallo uku. Cidinha ta ci biyu, Nene ta ƙara ɗaya. Koci Ismaila Mabo ya fitar da mai tsaron raga Ann Chiejine, ya sa Judith Chime. Duk wanda ke kallo ya riga ya yanke hukunci, saura kawai a ga ko nawa za a tashi.

Da aka dawo daga hutun rabin lokaci sai labari ya sha bamban. Prisca Emeafu ta farke ɗaya a minti na 63. Nkiru Okosieme ta ci ta biyu a minti na 72. Saura minti biyar a tashi, Nkechi Egbe ta ci ta uku. Ba a gama murna ba aka kori Patience Avre da jan kati, Najeriya ta shiga ƙarin lokaci da 'yan wasa goma. A wancan zamanin dokar ita ce, wanda ya fara ci a ƙarin lokaci shi ya yi nasara nan take. A minti na 104 Sissi ta Brazil ta buga bugun tazara, ƙwallo ta faɗa raga, aka tashi 4 da 3.

An fitar da Najeriya, amma har yau ba ta sake kaiwa wannan mataki a gasar ba. Abin tambaya shi ne, daga ina mata goma sha ɗaya da aka ci uku da nema suka samo ƙafa da zuciyar ramawa? Mutane kan ce ai faɗan da koci ya yi musu ne a ɗakin canja kaya. Faɗa yana iya tayar da mai barci, amma ba ya sa wa mutum numfashin da bai tara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amsar tana cikin shekaru takwas da suka gabaci wannan rana.

A watan Fabrairun 1991 Najeriya ta buga wasanta na farko na mata a matakin ƙasa da ƙasa, ta ci Ghana 5 da 1 a Legas. 'Yan wasan daga ƙananan kulob-kulob na Kudu aka tattaro su, irin su Jegede Babes ta Legas da Ufuoma Babes ta Warri, waɗanda masu sha'awar wasan ke ɗaukar nauyinsu daga aljihunsu. Yawancin 'yan matan a unguwa suka koyi ƙwallo, cikin yara maza, domin babu wata makarantar horar da mata a lokacin. Wannan ya ba su ƙarfin jiki da gudu da rashin tsoron karo. Abin da bai ba su ba shi ne tsarin wasa, wato sanin inda kowa za ta tsaya idan ƙwallo ba ta ƙafarta.

A watan Nuwamba na wannan shekara aka yi gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin, Najeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka. Jamus ta ci ta 4 da nema, Italiya 1 da nema, Taiwan 2 da nema. Wasa uku, ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba. A cikin tawagar akwai Florence Omagbemi, 'yar shekara 16, da Ann Chiejine mai shekara 17, da Nkiru Okosieme da Rita Nwadike. Ku riƙe sunayen nan huɗu.

A 1995 aka je Suwidin. A gasar farko minti 80 ake buga wasa, wannan karon aka mayar da shi 90 kamar na maza. Wasan farko Norway ta lallasa Najeriya 8 da nema. Kwana biyu bayan haka suka haɗu da Kanada, aka ci su biyu tun da wuri, Rita Nwadike ta ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a tarihin gasar, aka yi ta fafatawa har aka tashi 3 da 3. Ingila ta ci su 3 da 2 a wasan ƙarshe. Maki ɗaya suka dawo da shi gida. Amma sun dawo da wani abu da ba a rubutawa a teburin maki: sun ga da idonsu cewa ana iya cin su takwas yau, jibi su tashi su rama ci. A wannan gasar ce kuma Mercy Akide, 'yar Fatakwal, da Patience Avre suka shigo sahu.

A irin wannan hali ne mutane da yawa kan ajiye takalmi. Babu albashin kirki, babu tabbacin gobe, ga matsin lambar gida a kan aure ko neman sana'ar da ta fi wannan daraja a idon jama'a. Waɗannan matan suka ci gaba da zuwa atisaye. Duk wanda ya san ƙwallo ya san amfanin daɗewa tare. 'Yar tsakiyar da ta shekara takwas tana ba wa mutum ɗaya ƙwallo ba ta buƙatar ɗaga kai ta neme ta. Masu tsaron baya da suka sha kashi tare sun san wadda za ta fita tarar ƙwallo da wadda za ta rufe mata baya.

Sai kuma aka samu koci da ya san aikin. Ismaila Mabo ɗan Jos ne, ya yi wasa a matsayin mai tsaron baya a Mighty Jets ta Jos da kuma tawagar ƙasa. A watan Oktoban 1998 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta mata a Kaduna da Abeokuta. Falcons ta buga wasa biyar, ta ci ƙwallo 28, ba a zura mata ko ɗaya ba, ta doke Ghana 2 da nema a wasan ƙarshe. A Afirka dai babu mai ja da ita. Haɗarin irin wannan fifiko shi ne, wanda bai saba ganin an ci shi ba yakan rikice ranar da aka fara cin sa. Tsofaffin tawagar suna da maganin wannan, domin ba su manta da Norway ba.

A Amurka sun fara da Koriya ta Arewa, suka ci 2 da 1, Akide da Nwadike ne suka ci. Nasarar farko ke nan da Najeriya ta samu a gasar, bayan shekara takwas. Sai wasa na biyu da masu masaukin baƙi a Shikago, gaban 'yan kallo sama da 65,000. Okosieme ta ci a minti na biyu. Kafin hutun rabin lokaci Amurka ta zura shida, aka tashi 7 da 1.

Yana da kyau mu dubi abin da ke bayan wannan tazara, domin ba a filin aka fara ta ba. Tun 1972 Amurka ta yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da harkar wasanni. Saboda haka Mia Hamm da Kristine Lilly da takwarorinsu sun tashi suna da koci da fili da gasa tun daga makaranta har jami'a. Kafin gasar 1999 sun shafe watanni a sansani guda a jihar Florida ƙarƙashin koci Tony DiCicco. Suna ma da ƙwararriya, Colleen Hacker, wadda aikinta shi ne horar da tunaninsu: yadda 'yar wasa za ta natsu bayan kuskure, yadda za ta riƙa hango bugunta a zuci kafin ta buga. Abin da Amurkawa suka koya a hannun malama, 'yan Najeriya a hannun shan kaye suka koye shi.

Kwana uku bayan 7 da 1, Falcons ta fito ta ci Denmak 2 da nema, Akide da Okosieme suka ci. Da haka ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta tsallake zagayen rukuni. Idan muka jera abubuwan, za mu ga wasan Brazil ba baƙo ba ne. A 1995 an ci su takwas, suka dawo suka yi canjaras. A Shikago an ci su bakwai, suka dawo suka yi nasara. A Landover abin da suka saba yi cikin kwana biyu ko uku ne suka yi cikin minti goma sha biyar na hutu. Omagbemi, wadda ta je Sin tana yarinya, ita ce kyaftin a ranar.

Jiki ma yana da nasa rabon. 'Yar wasan tsakiya a wannan mataki takan yi gudun kusan kilomita goma a wasa guda, kuma ba gudu ɗaya ba ne a jere, tsere ne da tsayawa da juyawa ba iyaka. Duka ƙwallaye ukun da Najeriya ta rama bayan an wuce awa guda da fara wasa suka shiga, lokacin da ƙafa ke nauyi, tunani ke gajarta. Wadda ta riƙa satar jiki a atisayen safe ba za ta iya bin ƙwallo a minti na 85 ba, ko da zuciyarta ta kai dutse.

Wannan bajinta ta ba Najeriya gurbi a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Akide da Omagbemi suka samu karatu da wasa a Amurka, kuma a 2001 Akide ta zama mace ta farko da aka ba kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka.

Sai dai tarihin yana da ɗaya fuskar, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Juriyar 'yan wasa tana da iyaka idan babu mai tallafa mata. A gasar duniya ta 2003 Najeriya ta sha kashi a duka wasanninta uku ba tare da ta ci ko ɗaya ba, kamar an koma 1991. Ba ta sake cin wasa a gasar ba sai 2011, da Perpetua Nkwocha ta ci Kanada. Ba ta sake fita daga rukuni ba sai 2019. A tsakanin nan sauran ƙasashe suna gina lig-lig na ƙwararru, 'yan Falcons kuwa suna fama da neman haƙƙinsu. A 2004, bayan sun ci kofin Afirka, sun ƙi barin otal ɗinsu a Afirka ta Kudu sai an biya su alawus. A 2016 suka sake cin kofin a Kamaru, Omagbemi ce ma kocinsu, suka yi zaman dirshan na kusan mako biyu a wani otal a Abuja, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya. A 2019 aka maimaita a Faransa. Duk ranar da 'yar wasa ta ɓata tana jiran kuɗin guminta, rana ce da takwararta ta Jamus ko Sifen ta yi a filin atisaye.

Duk da haka abin da 'yan 1999 suka shuka bai mutu ba, domin wasunsu sun koma horarwa. Ban da Omagbemi, Chiejine ma ta yi aiki a matsayin mataimakiyar kocin Falcons. Na baya suka tashi suna da waɗanda za su kalla. Asisat Oshoala, wadda iyayenta suka ƙi amincewa da ƙwallonta da farko, ta ci kyautar gwarzuwar Afirka sau shida, ta kuma ɗauki kofin zakarun Turai da Barcelona. A gasar duniya ta 2023 Chiamaka Nnadozie ta tare fenaretin Christine Sinclair ta Kanada, Falcons ta ci mai masaukin baƙi Ostareliya 3 da 2, kuma sai da bugun fenareti Ingila ta iya fitar da ita.

Ismaila Mabo ya rasu a watan Maris na 2023, bai ga abin da ya faru a Rabat ranar 26 ga Yuli, 2025 ba. A wasan ƙarshe na kofin Afirka, Maroko ta ci Najeriya biyu cikin minti 25 na farko, a gidanta, gaban jama'arta. Bayan hutu Esther Okoronkwo ta ci fenareti, Folashade Ijamilusi ta farke, sannan saura minti biyu a tashi Jennifer Echegini ta ci ta uku. Daga bugun tazara ƙwallon ta fito, irin bugun da Sissi ta kashe su da shi shekara 26 baya. Kofi na goma ke nan, ƙarƙashin koci Justine Madugu. Kyaftin ɗin ranar, Rasheedat Ajibade, ba a ma haife ta ba lokacin wasan Landover.

Idan yarinya ta ce tana so ta kai wannan mataki, gara a faɗa mata gaskiya tun da wuri. Baiwa za ta kai ta ƙofar sansani. Daga nan sai gudun asuba na shekaru, da haƙurin zama a benci, da jinyar gwiwa, da dawowa fili washegarin ranar da aka ci su da yawa. Omagbemi da Okosieme da Nwadike da Chiejine sun buga wasa shida a gasar duniya ba su ci ko ɗaya ba, sai a na bakwai. Su kuma masu riƙe da harkar, nasu aikin shi ne su biya haƙƙi a kan lokaci, su bar 'yan wasa su daɗe tare, domin kada wahalar da ta kamata ta ƙare a filin atisaye ta koma ta zaman otal.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.