Ƙafa Ce Ke Riga Kowa: Tarihin Awon Jikin Matasa, Daga Bata Zuwa Zariya

Duk wanda ya taɓa hawa adaidaita sahu a Kano ya ji ana kiran "Bata, Bata!", amma ba kowa ya san sunan mutum ake kira ba. Tomas Bata ɗan gidan masu ɗinkin takalma ne a garin Zilin, cikin ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Cek, kuma shi da 'yan uwansa biyu suka kafa kamfanin a 1894. Kamfanin ya shigo Najeriya a shekarun 1930, kantinsa na Kano kuwa ya bar wa mahaɗar nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari suna, kamar yadda kamfanin keken ɗinki ya bar wa kasuwar Singa nasa. Wurin ya dace da irin wannan ciniki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, ga kuma Fagge, tsohon zangon fatake, a ɗaya gefen. Tambayi duk wanda ya yi firamare a shekarun 1970 ko 1980 labarin takalmin Cortina, za ka sha bayani.

Masu sayar da takalma sun daɗe da sanin wani abu da likitoci suka makara wajen rubutawa. Uwa ta kawo yaro ɗan shekara 12, mai shago ya dubi ƙafarsa ya ce, "Hajiya, ƙara masa lamba ɗaya, kafin Sallar baɗi ya matse shi." Gaskiya ya faɗa. Idan balaga ta kama hanya, tafin ƙafa da tafin hannu ne ke fara zabura, sai ƙwauri da cinya su biyo, gangar jiki kuma ta zo daga baya. Shi ya sa za ka ga yaro da ƙatuwar ƙafa kamar ta aro, wando ya ɗage masa alhali rigar tana nan daidai. Ƙafar yarinya kan kusa gama girma wajen shekara 13 zuwa 14, ta yaro wajen 15 zuwa 16, a lokacin da sauran jiki ke da jan aiki a gaba.

Dalilin yana cikin ƙashi. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, nan ne ake ƙera sabon ƙashi ana ƙara tsawo. Sinadaran balaga, musamman wanda ake kira estirojin (maza ma suna da shi, kada ka yi mamaki), su ne ke fara zuga wannan faifai, su ne kuma daga ƙarshe ke rufe shi ya daskare. Kowane ƙashi da lokacin rufewarsa. Na wuyan hannu kan rufe wajen shekara 17 zuwa sama, abin da ya sa FIFA ta fara duba shi da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci har aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha. Ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa shi ne ɗan auta, yakan wuce shekara 25 bai gama haɗewa ba.

To, ta yaya aka san duk wannan? Da sandar awo da haƙuri. Wani Bafaranshe mai suna Montbeillard ya riƙa auna tsawon ɗansa duk bayan wata shida, tun daga haihuwarsa a 1759 har 1777, abokinsa Buffon kuma ya buga lissafin a littafinsa na ilimin halittu. Wannan ne karo na farko da aka bi yaro guda da awo daga goyo zuwa samartaka. Da aka zana lissafin, sai ga tsalle ɓaro-ɓaro: girman yaron ya yi ta lafawa shekara da shekaru, sannan tsakanin 14 da 15 ya ƙara wajen santimita 12 a shekara ɗaya.

Yaro guda ba ya zama hujja. Sai a 1948 wani likitan Ingila, James Tanner, da abokin aikinsa Reginald Whitehouse suka fara auna yaran wani gidan reno a garin Harpenden, duk bayan wata uku idan sun shiga balaga, aka yi sama da shekara ashirin ana wannan aiki. Daga nan aka fitar da matakai biyar na balaga da likitoci ke aiki da su har yau, na mata a 1969, na maza a 1970. Sun ga tsallen tsawo yana kai ƙololuwa wajen shekara 12 ga mata, 14 ga maza. Sun kuma ga ƙirgar dangi kan riga jinin al'ada da wajen shekara biyu, shi kuma jinin yakan zo ne bayan tsallen ya fara sauka. Yaran da aka auna Turawa ne zalla, da yawansu daga gidajen da talauci ya ɗaiɗaita, amma ma'aunin nasu ya zama na duniya.

Mu kuma fa? Kafin a zo auna mu, an riga an yanke mana hukunci. Tun 1748 masanin nan na Faransa, Montesquieu, ya rubuta cewa matan ƙasashe masu zafi kan isa aure tun suna shekara takwas zuwa goma, su kuma tsufa da wuri. Bai auna kowa ba, labarin matafiya ya tattara. Amma maganar ta zauna a littattafan likitanci kusan shekara ɗari biyu: wai rana ce ke nunar da mutum kamar yadda take nunar da mangwaro. Har yanzu za ka ji irinta a majalisa, "ai mu nan zafi ne, yaranmu da wuri suke girma."

A 1950 wani farfesan lafiyar yara daga Edinbura, Richard Ellis, ya buga abin da ya samu a wajen 'yan makaranta a Najeriya. Matsakaicin shekarun fara al'ada ya kama wajen 14, wato sun ɗan makara ma idan aka gwada da takwarorinsu na Birtaniya. Tanner da kansa ya sa hannu a wani binciken na 1962 kan 'yan mata 'yan makaranta a Gabashin Najeriya, aka sake samun wajen 14. Wanda ya fi burge ni shi ne na 1976 da Oduntan da abokan aikinta suka yi a ƙasar Yarbawa: 'yan matan birnin Ibadan 13.7, na karkara 14.5. Rana ɗaya ce ke dukan su duka. Bambancin yana cikin kwano da kuma yawan jinya. Turai ma ta shaida haka a jikinta, domin a tsakiyar ƙarni na 19 'yan matan ƙasashe irin su Norwe sai sun kai 16 ko 17 suke fara al'ada, zuwa 1960 abin ya sauko wajen 13, ba kuwa don yanayinsu ya ƙara zafi ba.

Ma'anar wannan a wajenmu tana da nauyi. Yarinyar da ta tashi da ƙarancin abinci da zazzaɓin cizon sauro duk damina, jikinta a makare yake tafiya. Shekarunta 14, amma ƙashinta yana iya zama na 'yar 12.

Malamanmu na fiƙihu suna da nasu ma'aunin tun kafin Tanner. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil da ake karantawa a zaurukan Kano, ana gane balaga da mafarki, ko haila, ko ciki, ko tsirowar gashin mara, idan kuwa babu ko ɗaya sai a jira cikar shekara 18. Waɗannan alamu suna amsa tambaya ce takamaimiya: yaushe hukunci ya hau kan mutum? Su kansu malaman ba su ɗauki balaga a matsayin ƙarshen zance ba, tunda sun ce ba a miƙa wa maraya dukiyarsa sai an ga rushdi, wato hankalin riƙe ta. Mu ne a al'ada muka dunƙule komai wuri guda, da an ga alama ta farko sai a ce "ai ta zama mace."

Ƙashin ƙugu bai san da wannan magana ba. A 1982 wata mai bincike a Amurka, Marquisa Moerman, ta bi hotunan ƙashi na 'yan mata da aka ɗauka shekara bayan shekara, ta nuna cewa mafitar da jariri ke bi tana girma ne a hankali, tana kuma ci gaba da buɗewa shekaru bayan fara al'ada, har bayan tsawo ya kusa tsayawa. A waje yarinya ta cika ido, a ciki hanyar ba ta gama faɗi ba.

A Zariya aka ga abin da wannan ke haifarwa. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da tawagarsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta bayanan haihuwa 22,774 a jere, ba tsallake, aka buga sakamakon a 1985. Mutuwa wajen haihuwa ta fi yawa a tsakanin waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, kuma 'yan shekara 15 zuwa ƙasa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Amma akwai wani ɓangare na aikin da ya kamata a ce kowace unguwarzoma ta san shi. Tare da Alan Fleming, masanin cututtukan jini, sun riƙa auna tsawon ƙananan 'yan mata masu cikin fari, sai suka ga da yawansu suna ƙara tsawo alhali suna ɗauke da ciki, santimita 2 ko fiye cikin 'yan watanni. Wato uwa tana girma, ɗan cikinta yana girma, kwano ɗaya suke ci. Waɗanda aka ba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro haɗe da ƙwayoyin ƙarin jini sun fi ƙara tsawo, an kuma fi samun sauƙin haihuwarsu. Magunguna ne masu arha, irin waɗanda ake rabawa a ɗakin awo.

A wannan asibiti dai, Dokta Tahzib ya tattara bayanan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani daga 1969 zuwa 1980. Sama da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 yankan gishiri, kuma kusan ɗaya cikin uku ba su kai shekara 16 ba. Yadda abin ke faruwa: kan jariri ya maƙale, ya danne mafitsara a jikin ƙashi kwana biyu ko uku, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya zube, ƙofa ta buɗe. A nan zan ɗan taka birki, don ana yawan juya wannan magana ta zama zagin al'ada kawai. Ƙarancin shekaru yana ƙara haɗari, babu musu. Amma kashi biyu cikin uku na matan Tahzib sun wuce wannan shekaru, kuma yarinya 'yar 15 da aka kai asibiti aka yi wa tiyata a kan lokaci ba za ta yi yoyo ba. Nisan asibiti, rashin mota, jiran izinin maigida, da kunyar ɗan fari da ke hana yarinya ta ce naƙuda take yi, duk suna da kaso. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya zo Babbar Ruga a Katsina domin aikin kuturta ya ɓige da ɗinkin yoyon fitsari daga 1984, ya yi wa dubban irin waɗannan mata aiki, har da a cibiyar Laure da ke asibitin Murtala, tafiyar 'yan mintuna daga Bata idan babu cunkoso.

Saura ƙwaƙwalwa, wadda ita ce aka fi makara wajen aunawa tunda sandar awo ba ta kai mata. A 1999 Jay Giedd da abokan aikinsa a Amurka suka buga hotunan MRI na yara da matasa da suka riƙa ɗauka a kai a kai. Daga wannan aiki da waɗanda suka biyo baya aka fahimci cewa sashen da ke bayan goshi, mai auna sakamako da danne zuciya, yana ci gaba da gyaruwa har bayan shekara 20, alhali sashen da ke neman daɗi da yabon abokai ya farka tun farkon balaga. Za ka ga ana yawo da lamba 25 a Facebook kamar ranar da ake kunna hankali. Babu irin wannan rana, abin a hankali yake tafiya kuma mutum da mutum sun bambanta. Abin da ya tabbata shi ne, wanda ya fara shaye-shaye da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa da jarabarsa a kan wanda ya fara da girmansa.

Unguwar Bata ta ga wannan da idonta, domin kasuwar magani ta Sabon Gari ta daɗe tana cikin mafiya girma a Arewa, ana sari kwali-kwali kamar taliya. Maganin tari mai kodin yana da daɗin sha, kuma da ya isa hanta sai ta mayar da wani kaso nasa mofin. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki wani fim na bincike da aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, kashegari ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana haɗawa da shigo da maganin tarin mai kodin. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 2.4 sun sha irin wannan magani ba don tari ba cikin shekara guda. An yi shekaru ana jan ƙafa da shari'a kan tayar da kasuwar, sai a Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka garƙame shaguna sama da dubu, aka ce kowa ya koma sabuwar cibiyar Dangwauro a kan titin Zariya. Shagunan Malam Kato, 'yan taku kaɗan daga Bata, suna cikin waɗanda aka sa wa kwaɗo.