Tarihin sana'ar kwantar da hankali a gabashin Sakkwato da darajar digirinta

Kula da mai taɓin hankali ko mai ciwon damuwa tsohuwar sana'a ce a garuruwan gabashin Sakkwato, irin su Wurno da Raba da Goronyo da ƙauyukansu kamar Taloka. Tun kafin jihadi 'yan bori ne ke riƙe da babban kaso na wannan aiki. Idan aka ce iska ta taɓa mutum, sai a yi masa girka, dangi su kawo akuya ko kaji da hatsi da zane, kuma da wannan mai girkar yake ci.

Shugabannin jihadi sun yaƙi bori, amma ba su bar gurbin a buɗe ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa kuma aka binne shi can a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta tara surori da ayoyin da ake neman waraka da su, ta kuma tura malamai mata da ake kira jaji cikin ƙauyuka suna karantar da mata. Daga nan aikin ya karkata zuwa zauren malam: a wanke allo a ba majinyaci rubutu ya sha, a yi masa tofi, wanda ya fi ƙarfin gida kuma a sa masa mari. Ladan malam ba shi da ƙayyadadden farashi. Akwai kafin alƙalami da ake ajiyewa kafin a soma, sai sadaka idan an ga sauƙi, wadda kan zo da damin gero bayan kaka. Wannan tsari bai mutu ba, sai ma masu ruƙiyya da suka ƙaru a kansa.

Turawan mulkin mallaka sun ɗauki mai taɓin hankali a matsayin wanda za a tsare, kuma dokarsu ta 1916 da wadda ta gaje ta a 1958 duk a kan tsarewa suka tsaya. Sauyi ya fara daga Aro ta Abeokuta, inda Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma ajiye majinyata a gidajen ƙauye tare da danginsu a 1954. Ilimin halayyar ɗan Adam a matsayin fannin digiri shi ma daga kudu ya shigo, don Jami'ar Najeriya ta Nsukka ce ta buɗe sashensa na farko a 1964. A Sakkwato, wadda ta sami jami'a a 1975, yawancin ɗalibai sun haɗu da fannin ne ta ƙofar koyon malanta, musamman bayan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta nemi a samar da malaman ba da shawara a makarantu. Asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware shi ne wurin da mutanen yankin suka fi sani, har "a kai shi Kware" ta zama abin zolaya.

Wajen darajar digirin ne lissafin kuɗi yake fitowa fili. Digirin farko a wannan fanni ba ya ba mutum damar duba majinyata da kansa. Sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti da horo a ƙarƙashin ƙwararru, rubuta magani kuwa ba aikinsa ba ne. Saboda haka wanda ya tsaya a digirin farko, abin da takardarsa ke saya masa shi ne abin da kowane digiri ke saya: shekarar bautar ƙasa, wadda alawus ɗinta ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a 2025, sannan matakin albashi na 8 idan ya dace da aikin gwamnati. Koyarwa, ofishin jin daɗin jama'a, gidan gyaran hali da hukumar NDLEA su ne ƙofofin da aka saba. Manomin albasa ko tafarnuwa a fadamar Wurno, ko mai noman rani a ƙarƙashin madatsar Goronyo, yakan iya wuce wannan albashi a shekarar da kasuwa ta yi kyau, ko da yake shi ba ya da fansho, kuma ambaliya ɗaya ta isa ta kwashe masa komai.

Buƙatar masu ilimin ta ƙaru ne ta hanya mai ɗaci. Harin 'yan bindiga a Tabanni ta ƙaramar hukumar Raba a watan Yulin 2018 ya kora jama'a zuwa Gandi, na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 kuma ya kashe mutane da dama. Matan da suka rasa mazaje da yaran da ba sa iya barci suna buƙatar mai saurare, kuma ƙungiyoyin agaji kan ɗauki masu wannan digiri su yi aikin. Sun fi gwamnati biya, sai dai aikin kwantiragi ne da ke ƙarewa da ƙarewar tallafi. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Buɗe guraben aiki a irin waɗannan asibitoci yana hannun jiha da ƙananan hukumomi, kuma kafin su buɗe, iyalin da ke Taloka sukan fara da zauren malam, Kware kuwa sai abu ya gagara.