Daga Jirgin Kara Zuwa Mai Saukar Ungulu: Tarihin Ƙaramin Jirgi da Abin da Ya Rage Mana



Idan kaka ta yi aka yanke dawa, yaran unguwannin Hausawa a nan Mayo-Ulo, da Gidar, da Durbai, sukan koma ƙera-ƙere. Su fere ɓawon kara, su yanka totuwa, su haɗa mota da gilashin ido. Mai hikima a cikinsu ya haɗa jirgin sama mai saukar ungulu, ya ɗora masa farfelar gwangwani a kan tsinke, ya ruga da gudu iska na juya ta. Mu manya mukan kira wannan wasan banza, wani lokaci ma mu tattake shi mu kora yaron ɗebo ruwa. Mun ga ya dace mu ba da tarihin wannan wasa, domin mai saukar ungulu na gaske, wanda ke ɗaukar mutane da kaya, daga irin wannan ƙaramin abu ya fito, kuma hanyar da ya biyo tana da darasi a gare mu.

Mafarin labarin a ƙasar Sin yake. Fiye da shekara 1,500 da suka wuce, yaran can suna da abin wasa na gora: tsinke ɗaya da fiffike a kansa, a murza shi tsakanin tafuka biyu a saki, ya yi sama. Wannan abu ya isa Turai ya daɗe a hannun yara kafin masana su waiwaye shi. A shekarar 1784 wasu Faransawa biyu, Launoy da Bienvenu, suka kai wa majalisar masana kimiyya ta Faris wani ɗan ƙaramin abu mai farfela biyu na gashin tsuntsu, ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu, da ɗan baka mai tsirkiya da ke ba su ƙarfi. Ya tashi a gaban malamai. A 1877, a birnin Milan na Italiya, Enrico Forlanini ya tayar da wani mai aiki da tururi, ya kai tsayin mita 13, ya yi daƙiƙa 20 a sama. Duk waɗannan babu wanda zai iya ɗaukar ko kyanwa, amma da su aka gane cewa farfela mai juyawa tana iya ɗaga nauyi.

Wanda ya fi tasiri a cikinsu shi ne na Alphonse Pénaud, wani saurayi Bafaranshe da ya ƙera ɗan jirgi mai aiki da murɗaɗɗiyar roba a 1870. Shekara takwas bayan haka, a 1878, wani limamin coci a Amurka mai suna Milton Wright ya dawo daga tafiya da tsarabar irin wannan jirgi ga 'ya'yansa biyu, Wilbur da Orville. Na gora ne da takarda da roba, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Suka yi ta wasa da shi har ya lalace, sannan suka ƙera nasu. Da suka gwada ƙera manya, sai suka ga abin mamaki: gwargwadon girman jirgi, gwargwadon ƙin tashinsa. Sai da suka girma suka gane dalili, cewa idan ka ninka tsawon abu sau biyu, ƙarfin da yake bukata ya ninku sau takwas. Waɗannan yara su ne suka tayar da jirgin sama mai inji na farko ranar 17 ga Disamba, 1903, tashin da ya ɗauki daƙiƙa 12 kacal.

A riƙe wannan lissafi na ninki takwas, domin shi ne ƙashin bayan labarin nan gaba ɗaya.

Mai fiffike ya riga mai saukar ungulu samun nasara da shekaru masu yawa, saboda na biyun ya fi wuyar sha'ani. A 1907 wani mai ƙera kekuna a Faransa, Paul Cornu, ya ɗan ɗaga daga ƙasa da nasa, amma ya kasa sarrafa shi. Igor Sikorsky, haifaffen birnin Kiyef, wanda shi ma yana ɗan shekara 12 ya ƙera na roba, ya gina manya biyu a 1909 da 1910, babu wanda ya iya ɗaukarsa, sai ya jingine aikin kusan shekara talatin. A ranar 14 ga Satumba, 1939 ya tashi da jirginsa VS-300 a Amurka, shi ma a ɗaure da igiyoyi.

A wancan zamani akwai wani Ba'amurke, Arthur Young, da ya bi wata hanya dabam. Ya ƙi gina babba. Ya shafe fiye da shekara goma a wani ɗakin ajiya a jihar Pensilbaniya yana ƙera ƙanana masu aiki da lantarki, ya tayar, su faɗi su karye, ya gyara ya sake. A kan waɗannan ƙanana ya gano wata sanda mai nauyi a bakinta biyu, wadda ake gittawa a ƙarƙashin farfela, ta hana jirgi tangaɗi. A 1941 ya kai ƙaramin jirginsa kamfanin Bell, ya tayar da shi a gaban mai kamfanin yana sarrafa shi daga nesa ta waya. Daga nan aka sami Bell 47, wanda a watan Maris na 1946 ya zama mai saukar ungulu na farko a duniya da hukuma ta yarda ya yi aikin farar hula. Da a babban jirgi Young ya yi waɗancan faɗuwa, da ta farko ta ishe shi.

Daga baya al'amarin ya juya: maimakon ƙarami ya haifi babba, sai mutane suka shiga kwaikwayon babba a ƙarami, su tuƙa shi da rediyo suna tsaye a ƙasa. Wannan ma bai zo da sauƙi ba. A gasar da aka yi a garin Harsewinkel na Jamus a 1968, jiragen da aka kawo daƙiƙu kaɗan suka yi a sama. Wani injiniya Bajamushe, Dieter Schlüter, ya nace, har a 1970 ya tayar da kwafin jirgin yaƙi na Bell Cobra ya yi fiye da minti 27 yana shawagi. Bayan haka ya fara sayar da sassansa a kwali, mutum ya saya ya haɗa a gida. Daga wannan aiki sana'ar ta bazu a duniya.

Me ake nufi da kwafi bisa ma'auni? A ɗauki jirgi na gaske mai tsawon mita 12, a ce za a yi shi ɗaya bisa goma. Tsawon ƙaramin zai zama mita 1 da santimita 20, kuma kowace gaɓa, daga ƙofa zuwa jela, sai an raba awonta da goma. Amma faɗin da farfela ke sharewa raguwa zai yi sau ɗari, cikin jirgin kuma sau dubu. Saboda gajartar fikafikansa, dole farfelar ƙarami ta fi sauri: ta babban jirgi takan juya sau 300 zuwa 400 a minti, ta ƙarami kuwa takan haura 1,500. A irin wannan gudu, idan fiffike ɗaya ya fi ɗan uwansa nauyi da ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, jirgin zai yi ta karkarwa har kusoshinsa su kwance. Shi ya sa maƙerin kan ɗora fikafikan a kan sikeli tun kafin ya ɗaura su.

Akwai kuma wasu ƙa'idoji uku da ba a tsallake su. Ta farko, idan inji ya juya babbar farfela dama, gangar jirgin za ta nemi juyawa hagu, don haka ake sa ƙaramar farfela a jela ta riƙe ta. Ta biyu, jirgin ba ya tafiya gaba ko baya sai an karkata fikafikan farfela yayin da suke juyawa, kuma wannan aikin wani faifai ne mai hawa biyu da ke jikin sandar farfela, na ƙasa a tsaye, na sama yana juyi, ƙananan injuna na tura shi bisa umarnin rediyo. Ta uku, nauyin jirgin duka sai ya taru daidai ƙarƙashin wannan sanda. Idan aka rataye shi ta kan farfela ya rinjaya gaba ko baya, to a gyara zaman batir kafin a kunna. Wanda ya kiyaye waɗannan a jirgi mai tsawon kamu biyu, ya fahimci abin da ke riƙe da mai ɗaukar mutum ashirin.

Yanzu mu dawo gida. Jirgin sama ya fara sauka a ƙasar Hausa ranar 1 ga Nuwamba, 1925, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka biyo ta Sudan da Fort Lami, wato Njamena ta yau, suka sauka Kano a zamanin Sarki Usman. Tun daga ranar muke ɗaga kai muna kallo. Mu mutanen wannan yanki mun ƙara sabawa da shi saboda filin jirgin Garwa da sansanin sojan sama da ke wurin. A watan Oktoba na 2015 Amurka ta sanar da turo sojoji kimanin 300 Kamaru, suka zauna a Garwa da jirage marasa matuƙi domin leƙen Boko Haram. Waɗannan jirage, duk da tsadarsu, dangi ɗaya ne da na Schlüter: abu a sama, mai tuƙi a ƙasa, rediyo a tsakani.

A cikinmu ma an sami wanda ya ƙi tsayawa a kallo. A watan Oktoba na 2007 kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗan shekara 24, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano. Cikin wata takwas ya haɗa jirgi mai saukar ungulu, ruwan ɗorawa, mai kujera huɗu, tsawonsa mita 12. Injinsa na motar Honda Civic ne mai ƙarfin doki 133, kujerunsa na tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga ɓaraguzan wani jirgin Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano. Kuɗin aikin daga gyaran kwamfuta da wayar hannu ya samo su, mahaifinsa ya cika masa, karatun kuma a intanet ya yi. Bisa wannan rahoto, jirgin ya ɗaga sau shida, bai taɓa wuce ƙafa bakwai ba, wato mita biyu da 'yan kai, kuma ba shi da na'urorin auna tsayi da iska. Ya kuma koka cewa hukumar kula da jiragen sama ta ƙasarsa ba ta waiwaye shi ba.

Mutane sun rabu biyu a kansa, masu dariya da masu kirari. Mu a ganinmu ya cancanci yabo, domin ƙafa bakwai ɗin nan ta fi abin da Sikorsky ya samu a gwajinsa biyu na farko. Amma labarinsa ya nuna giɓin da ke gabanmu. Muna da yaro mai jirgin kara, muna da saurayi mai zuciyar gina babba, matakin tsakiya ne babu: ƙaramin jirgi mai tashi da gaske, wanda za a auna, a gwada, ya faɗi sau ɗari ba a rasa rai ba, ba a kuma rasa dukiyar gida ba. A wannan mataki ne yaran Wright suka ci karo da ninki takwas, a nan Young ya shekara goma. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu musamman shi ne matsayinmu a nan. Hausawa 'yan tsiraru ne a Mayo-Luti, tsakanin Fulani da Fali da Daba da Gidar. Kakanninmu da fatauci da aikin hannu suka sami wurin zama: ƙira, dukanci, ɗinki, rini, fawa. Da hannunsu aka san su, aka girmama su. Yau kayan kanti sun rage wa yawancin waɗannan sana'o'i kasuwa, samarinmu sun koma acaɓa da safarar mai a kan iyakar Mubi. Hannun yana nan, sai dai bai haɗu da lissafi ba. Alhali ba baƙon abu ba ne a wajenmu: mu da muka yi karatun zaure mun raba gado da sudusi da sumuni, kuma lissafin ɗaya bisa goma bai fi wannan wuya ba. Magabata ma sun haɗa biyun. 'Ya'yan Musa bin Shakir sun rubuta littafin dabarun injuna a Bagadaza a ƙarni na tara, Al-Jazari ya kammala nasa a 1206 da zane da awo, Abbas bin Firnas kuma ya gwada tashi da fikafikai a Ƙurɗuba.

Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Uban da ya ga ɗansa da jirgin kara ya saya masa ma'aunin santimita, ya ce ya zana shi a takarda kafin ya yanka. Mai gyaran waya da mai gyaran rediyo su ajiye masa ƙananan injunan da ke cikin matattun na'urori. Mai walda da maƙeri su bar shi ya zauna kusa ya ga yadda ake daidaita ƙarfe. Wanda ya nuna ƙwazo a kai shi makarantar koyon fasaha, kada a cire shi daga aji saboda talla. Akwai babbar makarantar injiniya a Jami'ar Marwa, akwai makarantun fasaha a Jami'ar Ngaundere, Garwa ma ta sami jami'arta a 2022.

Sai gargaɗi biyu. Farfela mai juyi 1,500 a minti wuƙa ce, ba a gwada ta cikin gida ko kusa da ƙananan yara, kuma batirinta yana kama wuta idan aka huda shi ko aka bar shi a rana. Sannan mu mazauna bakin iyaka ne a lokacin da tsaro ya tsananta. Kada kowa ya tayar da abu mai tuƙin rediyo sai da sanin hukuma da izininta, kuma nesa da barikin soja da filin jirgi.

Duk wanda ya san wani yaro ko matashi a unguwarsa da ke irin wannan ƙira, ya sanar da dattawan unguwa, domin a san da shi a taimaka masa tun kara bai ƙare a gona ba. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani da sana'ar da za ta riƙe su.