Daga Bencin Maƙeri Zuwa Teburin Gwanjo: Tarihin Kyamarar Alfarma

Kyamarar alfarma, irin wadda kuɗinta ke kamo na mota, ta samo asali ne daga garuruwa biyu na ƙasar Jamus, Jena da Wetzlar, kuma a cikinsu babu inda aka fara da kyamara. Sana'ar farko ita ce ƙera madubin da likitoci da masu bincike ke leƙa ƙwayoyin cuta da shi. Carl Zeiss ya buɗe ɗan shagonsa a Jena a 1846, lokacin da aikin gilashi duk lalube ne: a goge, a haɗa, in bai yi ba a sake. Ernst Abbe, malamin jami'a da ya haɗa kai da shi a 1866, shi ya mayar da aikin lissafi, har ya zama ana sanin abin da gilashi zai yi da haske tun kafin a taɓa shi. Lissafin kuwa ya nemi irin gilashin da babu shi a kasuwa, sai da Otto Schott ya kafa masana'antar narka gilashi a garin a 1884. Daga gidan Zeiss ne Paul Rudolph ya fito da Planar a 1896 da Tessar a 1902, sunaye biyu da har yau ake rubutawa a bakin idon kyamara, wato jerin gilasan nan da masu sana'ar ke kira lens.

Kyamarar wancan zamani akwati ce mai ƙafa uku, mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, wanda za a ɗauka kuma ya ƙame kamar gunki. Oskar Barnack, wanda ya baro Zeiss ya koma kamfanin Ernst Leitz na Wetzlar a 1911, yana fama da ciwon asma, ga shi da son yawon ɗaukar hoto a kan duwatsu, kayan kuma sun fi ƙarfin ƙirjinsa. Tsakanin 1913 da 1914 ya ƙera wata 'yar kyamarar ƙarfe da ke shiga aljihun kwat. Ya ɗauko fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ya kwantar da shi, ya ninka girman hoton zuwa milimita 24 da 36. Dabararsa ita ce a ɗauki hoto ƙarami, a ƙara masa girma wajen wanki. Nan ne kuma nauyin duka ya koma kan ido, domin duk ɗan kuskuren da gilashi ya yi, shi ma ƙara masa girma za a yi. Max Berek ne ya warware wannan da ido mai suna Elmar. (Wani idon da ya ƙera daga baya, Hektor, sunan karensa ya sa masa.)

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da maganar. A 1923 aka ƙera guda ashirin da 'yan kai don gwaji, aka rarraba wa masu hoto, yawancinsu suka taɓe baki. Duk da haka Ernst Leitz na Biyu ya yanke hukunci a 1924 cewa za a yi kasadar, a lokacin da tattalin arzikin Jamus ke kwance kuma ma'aikatansa na neman abin yi. A bikin baje kolin Leipzig na 1925 aka fito da ita da sunan Leica, wanda aka harhaɗa daga sunan Leitz da kalmar kyamara.

Tun farko tana da tsada, amma tsadar kayan aiki ce. Fim ɗaya na ba da hoto 36, labulen da ke buɗe wa haske hanya na yadi ne, ƙararsa ba ta kai ta rufe akwatin ashana ba, don haka mai hoto na iya shiga kasuwa ya gama aikinsa ba a farga ba. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya sayi tasa a farkon shekarun 1930, har baƙin salatif yake liƙa wa inda ke ƙyalli don kada ta ja ido. A 1932 aka saka mata ma'aunin nisa: mai hoto yana ganin surar abu biyu a ɗan tagar leƙe, ya murza ido har su hau kan juna, shi ke nan hoto ya fito tangaran. A shekarar ce kuma Zeiss ta mayar da martani da Contax, wadda mai hoto Robert Capa ya riƙe a gaɓar Normandy a 1944. Ado don ado shi ma ya leƙo da wuri. Wajen 1929 an yi Leica Luxus mai ruwan zinari da fatar ƙadangare, ba ta kai guda ɗari ba.

Wani ci gaban da ba a cika ambata ba ya fi duk wannan tasiri. Kowace fuskar gilashi tana mayar da kusan kashi huɗu cikin ɗari na hasken da ya faɗo mata, don haka ido mai gilasai da yawa yakan ba da hoto dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hazo. A 1935 Alexander Smakula na Zeiss ya gano yadda ake shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke rage wannan asara. Gwamnati ta riƙe abin a matsayin sirrin soja. Launin shuɗi ko na shunayya da ake gani a fuskar ido in an karkata shi ga haske, wannan rufin ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi wa Zeiss rabon gado tana raye. Sojojin Amurka suka kwashe manyan masana fiye da ɗari na Zeiss da Schott zuwa yamma, inda aka kafa sabuwar Zeiss a Oberkochen. Sojojin Tarayyar Sobiyat suka kwance injinan Contax suka kai birnin Kiev, aka ci gaba da ƙera ta da sunan birnin. Haƙƙin mallakar ƙere-ƙeren Jamus ya zama na kowa, kamfanonin Japan kuma suka duƙufa. Ba sabbin shiga ba ne: Nippon Kogaku, wadda ta zama Nikon, an kafa ta tun 1917, kuma idonta ne ke kan kyamarar farko da Canon ta sayar a tsakiyar shekarun 1930. Abin da suka rasa shi ne shaida, sai ga ta a 1950. David Douglas Duncan, mai hoton mujallar Life, ya ga wani hoto a Tokyo da aka ɗauka da idon Nikkor, ya je masana'antar ya gwada da kansa, ya ɗaura idanun a kan Leica ɗinsa ya tafi yaƙin Koriya. Da hotunan suka isa New York, gani ya kori ji.

Leitz ta amsa a 1954 da M3, a baje kolin Photokina na birnin Kolon. Masana da dama na ganin ba a taɓa ƙera kyamarar ma'aunin nisa da ta fi ta ba, an kuma sayar da fiye da dubu 220. Sai dai nasarar ce ta ja mata. Japanawa suka ga ba za su kamo ta a wannan hanya ba, suka sauya hanya zuwa kyamara mai madubi a ciki, wadda mai hoto ke gani ta cikin idon kyamarar kanta, ko dogo ne na hango tsuntsu ko gajere na ɗaukar ƙuda. Nikon F ta 1959 ta ƙwace kasuwar 'yan jarida, Leicaflex ba ta fito ba sai 1964, ta tarar an ci kasuwa an watse. Zeiss Ikon ta daina ƙera kyamara a farkon shekarun 1970. M5 da Leitz ta fitar a 1971, ƙatuwa kuma mai ɗan karen tsada, ta yi kwantai. Da ƙyar reshen kamfanin da ke Midland a Kanada ya ceci jerin M da wata mai sauƙin ƙira, M4-2.

Hasselblad ta Suwidin ta bi tata hanyar. Victor Hasselblad, ɗan birnin Gothenburg mai sha'awar hoton tsuntsaye, ya fito da kyamararsa a New York a 1948, mai fim babba, santimita shida tsawo shida faɗi, wadda ake cire mata ido da gidan fim da tagar leƙe a sauya. Samfurin 500C na 1957, da idanun Zeiss, ya zama abin aikin ɗakunan hoton talla da na tufafi. Ɗan sama jannati Walter Schirra ya tafi sararin samaniya da ɗaya a 1962, daga nan hukumar NASA ta rungume ta. Da ita aka ɗauki hotunan saukar Apollo 11 a 1969. Saboda nauyi, gidan fim kawai ake dawowa da shi, shi ya sa kyamarori goma sha biyu suke kwance a duniyar wata har yanzu. Ba a taɓa yi wa wani kaya talla irin wannan ba.

Abin da ke sa ido tsada ana karanta shi ne a lambar da ke bakinsa. Ƙanƙantar lambar, yalwar hasken da yake sha: mai 1.4 yana shan ninki biyu na mai 2, mai 1 kuma ninki biyu na mai 1.4. Kowane mataki yana neman gilashi mafi faɗi da gyaran kurakurai mafi wuya, kuɗin kuma ba ninki biyu yake yi ba, tsalle yake yi. Noctilux na farko, mai 1.2, da Leitz ta fitar a 1966, fuskoki biyu na gilasansa da hannu aka goge su, waɗanda suka lalace wajen aikin suna da yawa, duka abin da aka ƙera bai kai dubu biyu ba. Walter Mandler ya kai shi 1 a Kanada cikin shekarun 1970, a 2008 aka kai 0.95, kuɗinsa ya haura dala dubu goma. Zeiss ta taɓa yin mai 0.7 domin NASA, da shi Stanley Kubrick ya ɗauki wasu fitowa na fim ɗin Barry Lyndon a 1975 da hasken kyandir kaɗai.

Zuwan hoton dijital ya kusa binne tsofaffin gidajen. Kamfanin kayan ƙawa na Faransa, Hermès, ya sayi kusan kashi ɗaya cikin uku na Leica a 2000, aka riƙa fitar da kyamarori masu rigar fata a ƙidaye, amma a 2005 kamfanin Leica ya kai gargara. Attajiri Andreas Kaufmann ne ya karɓe shi. M8 ta 2006 ta zo da tangarɗa, baƙin yadi yana fitowa da launin shunayya, har sai da aka raba wa masu saye gilashin tace haske kyauta. M9 ta 2009 ce ta farfaɗo da gidan, a 2014 kuma ya koma Wetzlar bayan shekaru a Solms.

Daga nan ma'anar tsadar ta sauya. Kyamarorin da kamfanonin Japan ke fitarwa a shekara sun kai kusan miliyan 121 a 2010, zuwa 2020 ba su kai miliyan goma ba, wayar hannu ta cinye ƙananan. Waɗanda suka rage sai suka hau sama. Sony da Canon da Nikon suna sayar da sauri da iya bin ƙwayar idon mai gudu, Fujifilm da Hasselblad da Phase One suna sayar da girman allon da ke karɓar haske. Leica kuwa ta gano cewa ragi ma abin sayarwa ne: a 2012 ta fitar da Monochrom, wadda ba ta ɗaukar launi sam, daga baya ta fitar da wadda ba ta da allon duba hoto a baya. M11 ta 2022, wadda har yanzu da hannu ake saita mata nisa, ta fito a kan kusan dala dubu tara ba tare da ido ba. Amma suna kaɗai ba ya ɗaukar kaya. Lunar da Hasselblad ta nuna a 2012 kyamarar Sony ce aka yi wa mariƙin katako aka ninka mata kuɗi sau da yawa, masu saye suka gane, ta zama abin dariya. Sunayen sun kuma hau bayan wayoyi: Leica a kan Huawei daga 2016 sannan Xiaomi, Zeiss a kan Vivo, Hasselblad a kan OnePlus.

Wannan tarihi ya bar wa mai saye na yau kasuwa mai hawa biyu. Hawa na farko na masu ɗaukar hoto ne. Gangar jikin kyamarar dijital kwamfuta ce, tana tsufa irin tsufan kwamfuta, bayan 'yan shekaru darajarta ta zube. Ido kuwa gilashi ne da tagulla. Wanda aka ƙera wa M3 a 1954 yana ɗauruwa a kan M11 ba tare da wani gyara ba, na shekarun 1930 ma yana hawa da ɗan zobe. Ba kowane gida ya riƙe wannan amana ba: Canon ta sauya bakin kyamarorinta a 1987, masu tsofaffin idanu suka wayi gari da kayan da ba sa shiga sabuwa. Shi ya sa dillalan kayan hannu suka fi ba ido muhimmanci. Mai saye yakan buɗe shi gaba ɗaya, ya haska tocila ta baya, ya leƙa ta gaba yana juya shi a hankali. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda ke yaɗuwa kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashi idan an ajiye shi a wuri mai laima, tana cin rufin nan na Smakula, in ta yi nisa kuma gogewa ba ta fitar da ita. Sannan ya murza zoben nisa ya ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa.

Hawa na biyu na masu tara kayan tarihi ne, inda lambar da aka zana a jiki ta fi hoton da kyamarar za ta ɗauka. Nan ne jabu ya yi yawa. FED da Zorki, kwafin Leica da aka yi ta ƙerawa a Tarayyar Sobiyat, an sha goge su har tagullarsu ta fito tana walƙiya, a zana musu sunan Leica, a sayar wa baƙi a matsayin ta zinari. Na gaskiyar kuwa suna tafiya ne ta gidajen gwanjo. Daga cikin na gwajin nan na 1923 da masu hoto suka taɓe wa baki, mai lamba 122 ta tashi a kan Yuro miliyan 2.4 a 2018. Mai lamba 105, wadda Barnack ya riƙe da kansa, an buga mata ƙararrawa a Wetzlar a watan Yuni na 2022 a kan Yuro miliyan 14.4.