Daga Mari Zuwa Dawanau: Tarihin Ciwon da ke Zuwa da Fuska Biyu



Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Ɗambatta, Bichi ko Minjibir ya san irin wannan mutumin. Da kaka sai ya daina barci, baki ba ya hutawa, ya fasa rumbu ya sayar da hatsin shekara, ya hau rabon kuɗi. Bayan wasu watanni kuma ya shige ɗaki, ba ci ba magana, ciyawa ta cinye gonarsa. A karon farko a ce iska ce, a na biyu a ce lalaci. Ciwo ɗaya ne, likitoci na kiransa bipolar.

Su ma likitocin Turai sun daɗe suna ɗaukar fuskokin nan a matsayin cututtuka biyu. A shekarun 1850 ne Falret na Faransa ya nuna cewa zagaye suke yi a jikin mutum guda, Kraepelin na Jamus ya ƙara fayyace hakan a 1899. A 1949 John Cade na Ostareliya ya gano amfanin maganin lithium.

A nan gida, dokar Turawa ta 1916 da ta 1958 tsare majiyyaci suka sa gaba. A ƙauye kuwa mari ake sa wa wanda ya gagara. Dakta Lambo ya ɗauki wata hanyar a Aro ta Abeokuta a 1954, inda majiyyaci ke zaune da danginsa cikin ƙauye yana karɓar magani. Tsohuwar dokar ba ta kau ba sai a Janairun 2023.

Abin da ke ruɗa mu shi ne ciwon yakan lafa da kansa, sai mu ce an warke, a ajiye magani, ya dawo. Shi ya sa in za ku kai ɗan'uwa asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, a tafi da wanda ya san tarihinsa. A faɗi lokacin ƙuncin, a kuma faɗi lokacin rawar kan, domin maganin damuwa shi kaɗai kan iya tayar da ɗaya fuskar. Mai shan lithium na bukatar gwajin jini lokaci-lokaci. Addu'a ba ta hana magani. Wanda kuma ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.